Na Ga Baba a Fim ɗin Samarin Kalgo

Yaya Atiku,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da Inno da Baba da mutanen Gwandu baki ɗaya. Ni dai alhamdu lillahi. Aikin asibitin nan na Alƙahira ya ɗan tsaya, ina taya wata mata girki kafin a sake kiranmu. Kada Inno ta ji.

Jiya aka turo mini fim ɗin da samarin Kalgo suka haɗa da kansu, labarin garin da matasa suka watse suka bar tsofaffi. Ashe har layinmu suka zo ɗauka. Na ga shagon ɗinkin Baba a rufe. Can bayan 'yan wasan sai ga Baba da kansa, yana tafe yana laluben bango.

Yaya, tun yaushe idonsa ya tafi? Kullum a waya cewa yake, "Ɗinki ya yi mini yawa, Nafisa." Ban yi fushi ba, ni ma ga nawa ɓoyon. Don Allah ka kai shi wurin likitan ido, ka gaya mini abin da aka ce, komai ɗacinsa. Kada ka nuna masa na gani. Na fi so ya faɗa mini da bakinsa.

Allah ya ba shi lafiya.

Ƙanwarka,
Nafisa