Sunan da Baba Ya Kasa Faɗa

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Ina fata kina hutawa lafiya a wurin Ubangiji. Mu nan Zuru lafiya lau, sai kewarki.

Mama, an ba Baba lambar yabo. Babba ce, irin wadda ake kiran mutum har Ikko a miƙa masa a gaban manya. Sun ce yana cikin na farko da suka haɗa kiɗan ƙasashen waje da ake kira jaz da waƙoƙin gida. Wato busar nan da maƙwabta ke cewa ta hana su barcin rana, yau ita ce abin tinƙaho. Sai da haƙoransa na gaba suka zube, ya kasa busa kakakin, sannan suka tuna da shi.

Kin tuna lokacin da ya bar badujalar soja ya dawo gida? Kina niƙan dawa a kan dutse, kina rera waƙarki da yarenmu na C'lela, shi kuma yana bakin ƙofa yana bin muryarki da kakaki. Kikan ce, "Tsohon soja, ka bar satar mini waƙa." Waƙar nan ya kai Kaduna aka sa a faifai, ita ce kuma ta jawo masa lambar.

Ni na raka shi. A gaban taro suka tambaye shi wa ya ƙago waƙar. Na ga ya buɗe baki zai faɗi sunanki, sai ya tsaya. Kin san shi, tun da kika haife ni bai ƙara kiran sunanki ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Maman Ladi ce."

Mutanen can ba su san al'adarmu ba. Mama Ladi suka ji, ga ni kuwa, ni Ladin, tsaye kusa da shi da 'yar furfurata. Ni suka tafa wa. Ina girgiza kai, suna ɗauka kunya ce. Washegari hotona jarida ta buga, ni da ko a majami'a ake roƙona in sassauta murya.

A mota muna dawowa, da muka wuce Kwantagora, Baba ya tayar da maganar. Ya ce tun daga gida yake ta maimaita sunan a zuciyarsa, amma baki ya ƙi. Sai ya juya fuska wajen taga.

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, Mama. Kina raye ba a yaba miki ba, yanzu ma an tsallake ki. Ni ma ban taɓa kiran sunanki ba, haka kika rene ni. Amma yau ki gafarta mini rashin kunya, zan rubuta shi inda kowa zai gani: Rifkatu, waƙarki ce.

Ubangiji ya ba ki hutawa, ya sanyaya zuciyar Baba, ya sada mu a gabansa. Amin.

'Yarki ta fari,
Ladi