Buhun Shinkafar da Ya Kayar da Ni Bara

Daren Laraba, Bunkure

Alhamdu lillahi, yau ni kaɗai na ciccibi buhun shinkafa na ɗora a mota. Bara a gonar nan buhu ya kayar da ni cikin laka, 'yan lodi suna ta dariya.

Tun lokacin nake ɗaga ƙarfe a zauren Sani. Shi garin gina jiki na gwangwani yake damawa, ni kuwa wake, ƙwai, awara da kindirmo na riƙe. Kullum Inna sai ta ce, "Wai cikin nan naka ba ya cika ne?"

Baba, da yake kiran abin shashanci, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Gobe kai za ka yi mana lodi."

Kafaɗata tana zugi, amma murna ta hana ni barci.