Ranar Taro Iska Ta Dawo

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau ma babu iska. Na shanya ƙyallayen allunan hawan teku a rumfa, na sake naɗe su. Baƙi biyu sun zo koyon hawan allo, irin mai sanda da ƙyalle da iska ke turawa a kan ruwa, na ce su dawo gobe. Jiya ma abin da na ce musu ke nan.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An kakkafa turaku masu jan kai, daga katangar filin jirgi har cikin teku. Za a ƙara tsawon titin saukar jirage. Rabin gaɓarmu za a cike da duwatsu, sauran rabin kuma a hana ɗaga sandar ƙyalle, wai don kada ta shiga hanyar jirgi. Daidai inda ruwa ke tsaya wa mutum a ƙugu, inda nake koya wa mutane tsayuwa a kan allo tun ina saurayi. Rumfata tana tsakanin turaku biyu. Na tsaya na kalla. Ban ji komai ba sai yunwa.

Talata, 11 ga Fabrairu

Eulogio, shugaban ƙungiyarmu ta masu hawan allo, ya zagayo rumfuna. Hukuma za ta saurari jama'a ranar sha tara ga wata, ƙarfe biyu, a makarantar gari. Idan masu ƙorafi suka yi yawa, ana iya karkata titin ta wajen fadamar gishiri. "Kowa ya zo, ko da rarrafe ne," in ji shi.

Maigualida, matata, tana suyar empanada, irin samosar nan tamu, ta yi dariya. "Ku ɗin? Ƙarfe biyu? Allah ya sa ko ganye kada ya motsa ranar." Ta sake tuna mini cewa da jiƙaƙƙen kai na shiga coci ranar aurenmu. Ba ƙarya ta yi ba. A garin nan in iska ta tashi mai aski ma ajiye almakashi yake.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Shiru. Teku kamar an goge shi da dutsen guga.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na sa farar riga tun da hantsi. Na haddace abin da zan faɗa.

Da rana ta take sai rufin rumfa ya fara kaɗawa. Kafin in gama ɗaure takalmi, farin kumfa ya rufe gaɓar. Makonni muna jira. Eulogio ne ya fara wucewa a guje, allo a ka, yana ihu: "Zagaye ɗaya kawai, mutumina! Ai sai sun gama jawabinsu tukuna!"

Zagaye ɗaya. Haka kowa ya ce, daga ni har Wilmer ƙanen Maigualida.

Ban taɓa ganin iska mai daɗin ta yau ba. Zan rubuta wannan tunda ba mai karantawa. Ba gardama, ba yankewa, tana ɗaukar mutum har bakin duwatsun murjani na cikin teku ta dawo da shi. Na ga kowa a ruwa, na ce to ai ba a fara ba. Ashe su ma ni suke kallo.

Da muka isa makarantar, muna ɗigar ruwa, mai gadi yana jera kujeru a jikin bango.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Maigualida ta je taron. Ita da tsofaffi biyu da suka shiga shan inuwa. Sai yau ta yi mini magana, tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.

"Na miƙe na yi bayani. Suka ce ina hawan allo? Na ce a'a, mijina ne. Suka ce yana ina? Sai na nuna musu taga."

Daga tagar ana hango gaɓar duka.

Asabar, 1 ga Maris

Eulogio ya ce da gangan suka zaɓi ranar, sun duba hasashen yanayi. Wataƙila. 

Talata, 8 ga Afrilu

An sa hannu a kan aikin titin. Na sayar da allo huɗu.

Laraba, 4 ga Yuni

Wilmer ya samu aiki da masu kwangila. Suna neman mai tuƙa ƙaramin jirgin ruwan da ke jan kwale-kwalen duwatsu, wanda ya san inda ruwan ke da zurfi. "Yaya, ba wanda ya kai ka sanin wurin nan. In ba kai ba, wani ne." Na ce zan yi tunani. Maigualida ta goge mini riga tun kafin in gama tunanin.

Litinin, 14 ga Yuli

Na fara. Ba wuya. A ja, a tsaya, a juye.

Alhamis, 15 ga Janairu

Duwatsu sun wuce inda rumfata take. Saura kaɗan mu gama wannan ɓangaren, sai ga iska da rana, irin mai ƙarfin nan. Kwale-kwale ya ƙi tsayuwa, shugaban aiki ya ce a tashi sai gobe.

Wilmer ne ya juyo yana kallona. Na ce mene ne? Ya ce, "Yaya, iskar kake zagi."

Ban ji fitar maganar ba. Ina jin gajiya ce.