Fuskar da Kake Kallo a Maraɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗan'uwana kuma taubashina, Lawali ɗan Goggo, mazaunin Maraɗi a halin yanzu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Hadiza da yara. Mu nan Sabon Birni alhamdu lillahi. Ana cikin abin da ka sani, amma ana kwana ana tashi.

Na zaɓi in rubuto maka a shafina na sada zumunta, inda kowa zai gani, domin na lura in na kira ka sai ka ce kana kasuwa, in na tura saƙon murya sai ya kwana ya wuni ba ka saurara ba. Amma duk abin da na saka a nan, kai ne farkon mai dangwala yatsa. To ga shi nan, ka dangwala.

Na ga bidiyon, Lawali.

Kada ka ce wane bidiyo. Wanda aka ɗauka a gidan kallonku na can, ranar da ƙungiyar ƙasarmu ta tashi canjaras a gasar Afirka, aka yi ƙarin lokaci ba a rabu ba, aka je bugun fenariti. Wani direba mai zuwa Maraɗi ne ya nuna mini a tasha, yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce in zo in ga ɗan'uwana ya zama abin kallo. Na karɓi wayar ina murmushi. Ban mayar masa da ita ina murmushi ba.

Tunda akwai masu leƙen wasiƙar nan da ba su san ka ba, bari in tuna maka halinka a gabansu. Kai ba ka iya kallon fenariti. Za ka zauna wasa daga farko har ƙarshe, ka zagi alƙali, ka koya wa koci aikinsa, ka gaya wa ɗan gaba inda ya kamata ya tsaya. Amma da an ce an je bugun daga kai sai mai tsaron gida, sai ka tsallaka benci, ka ba talabijin baya, ka zauna kana fuskantata. Ka kama mini wuyan hannu. Ni in kalli wasa, kai ka kalle ni.

Ihun jama'a bai ishe ka ba, don gidan kallo kullum a rabe yake. Akwai masu goyon bayanmu, akwai masu goyon bayan duk wanda ke karawa da mu don neman magana kawai. In an yi ihu ba ka san na wane ɓangare ba ne. Fuskata kaɗai ka yarda da ita. Kakan ce, "Mu'azu, kai na talabijin nau. Kak ka rumtse ido."

Kuma ban taɓa runtsewa ba. Ka san haka.

Ni na san inda ciwon ya samo asali, don ina wurin. Muna samari a Gatawa, 'yan Kamarawa suka zo mana wasa a filin bayan makaranta. Aka tashi ba ci, aka ce a raba da fenariti kafin magariba. Ni ne gola, na ture guda, saura kai ka ci mu tashi da nasara. Ka ja da baya kamar za ka tsallake rijiya, ka zo a guje, ka ɗaga ƙwallo sama ta wuce raga, ta wuce mutane, ta faɗa cikin dawar wani bawan Allah. Wani tsoho da ke zaune kan jakinsa ya ce, "Wagga ƙwallo sai Alkalawa za a tsinto ta." Garin nan kaf sai da ya riƙe maganar. Har ka yi aure ana kiran ka Na-Alkalawa.

Ranar, kowa ya watse ya bar ka zaune a tsakiyar fili. Ni na shiga dawa na nemo ƙwallon, ƙaiƙayi ya cinye mini wuya, na dawo na zauna kusa da kai har aka kira salla. Da muka isa gida Goggo ta dube mu ta ce, "Ku biyun ga, in ɗaya ya yi tuntuɓe, ɗayan ka ɗingishi." Allah Ya jiƙanta.

Tun daga nan duk wanda ya ajiye ƙwallo a kan farin ɗigon nan, ko a wace ƙasa yake, kai ne kake jin ka ajiye. Kakan ce ba golan kake tsoro ba, tafiyar nan ce daga tsakiyar fili zuwa gaban raga, mutum shi kaɗai, duniya na kallon ƙeyarsa. Ni na san wannan. Shi wancan da ka kama wa hannu a bidiyon, ya sani?

Isuhu ake ce masa, ko? Direban ya faɗa mini. Maƙwabcinka a kasuwa, mai sayar da atamfa. Dogo, mai wushirya, da hula a karkace. Na kalli bidiyon sau da yawa har na haddace shi, kuma ban ga abin da ka gani a jikinsa ba.

Ga ka nan ka tsallaka benci, yadda ka saba. Ka ba talabijin baya. Ka kama masa wuyan hannu, hannun dama, da hannunka na hagu. Ko hannun ba ka canza ba, Lawali. Da ka canza hannu ma da na samu abin lallashin kaina.

Sai ɗan wasanmu ya buga ya ci. Me Isuhu ya yi? Ya ɓata fuska, ya dafe kai, ya yi salati kamar an yi mutuwa. Kai kuwa ka saki baki, ka zube ƙasa kan gwiwa. Gidan kallo ya ɗauki dariya. Da ka gane wasa yake maka, ka tashi ka bi shi da takalmi, kuna zagaya benci kamar yara.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara da shekaru kana riƙe da hannuna, ni da nake taubashinka, ni da al'ada ta ba ni damar in tsokane ka a gaban sarki ma in na ga dama. Na tsokane ka a kan tsayinka, a kan sanƙonka, a kan yadda kake cin tuwo kamar ana binka. Amma ban taɓa yi maka wasa da fuska lokacin fenariti ba. Ko sau ɗaya. In an ci, ka gani. In an ɓarar, ka gani. Na ɗauka amana ce ka ba ni. Ashe abin dariya ne ban sani ba.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Dariyarka ce. Ka yi dariya har kana share hawaye da hannun riga. Rabon da in ga haƙoranka haka tun kafin mu baro Gatawa, tun kafin mutanen daji su tare motarku a hanya, ka kwana cikin ƙaya ka dawo da ƙafa a kumbure. Watannin da ka yi a nan bayan haka, na yi iya ƙoƙarina. Na ja ka gidan kallo, na saya maka tsire, na tono tsofaffin labarai. Murmushi kawai kake ba ni, irin na mai jinya. Yau ga wani can, da ɓata fuska ɗaya, ya fito da abin da na kasa.

Kishi nake yi. Na faɗa, kowa ya karanta. Ƙato da ni, da gemu, da 'ya'ya, ina kishin mai atamfa.

Ka yi ƙiba kuma. Wuyanka ya cika, rigarka sabuwa. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Sannan na ji haushin cewa ba tuwon gidanmu ne ya yi maka ba.

Bari in gaya maka yadda tawa ranar ta kasance, tunda ni ba wanda ya ɗauke ni a waya. Gidan kallonmu yana nan yadda ka bar shi, sai dai an sake rufin kwano kuma janareton ya ƙara tari. Da alƙali ya busa, 'yan wasa suka jeru a tsakiyar fili kafaɗa da kafaɗa, sai na ji hannuna ya miƙe da kansa, ya kwanta a kan gwiwata, yana jira. Na buɗe ido sosai, na gyara fuska don a iya karanta ta. Aka buga na farko, aka ci. Na sauke ido in ba ka labari, sai na ga ƙeyar wani tela da ke zaune a gabana.

Golanmu ya ture guda, gidan ya kusa rushewa. Muka ci na ƙarshe. Mutane suka yi waje suna tsalle, masu babura suna ta oda. Wani ya rungume ni, ban ma san ko wane ne ba. Na fito na tsaya bakin titi na kira ka. Layi ya shiga, ba ka ɗauka ba. Na ce ƙila hayaniya ce. Yanzu na san lokacin kana bin Isuhu da takalmi.

Ranar da za ka tafi, a tasha, kana ɗaura katifa a saman mota, ka ce mini, "Damana guda za ni yi, da ƙura ta lahwa in komo." Damina ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta. Ban yi ƙorafi ba. Na san abin da ka gani a hanya, na san kana da yara ƙanana.

Sai ga saƙon muryarka shekaranjiya, bayan na riga na ga bidiyon. Gaisuwarka ma a gurguje. Ka ce, "Isuhu ya samo min shago gehen nashi. Gonag ga ka nemo mai saye, in an samu ka hwaɗa min."

Gonar nan, Lawali. Gonar kakanmu da aka raba tsakanin babana da Goggo, layin gamba ne kaɗai tsakanin taka da tawa. Aduwar da ke kan iyaka, wadda muke rataya goran ruwa, har yau ba a san ta wane ne ba, don ba mu taɓa tambaya ba. Ka ce in nemo baƙo in tsayar da shi a can gefen gamba. Kuma shawarar ta fito daga bakin mutumin da bai san hanyar Gatawa ba, bai san inda kabarin Goggo yake ba.

Na san abin da sayar da ita ke nufi, kai ma ka sani. Muddin gonar na nan, kai ɗan Gatawa ne da ya je ci-rani. Ranar da aka sa hannu, ka zama mutumin Maraɗi mai dangi a Najeriya.

Ba ka tambaya ba, amma ga labarinta. Ban bar ta ta yi saura ba. Mukan fita a ƙungiya da hantsi, mu dawo gari kafin la'asar, wata rana ma a ce kada kowa ya fita. A haka na shuka maka gero, na jefa wake a ƙarƙashi. Bai yi yadda ake so ba, don noma na biyu ya zo lokacin da hanya ta ɓaci. Abin da aka samu na ɗauko shi zuwa gari, dammunanka suna ɗakin zaure daban da nawa, ban taɓa ko zangarniya ba. Hadiza ta sha cewa furar geron Gatawa daban ce. Ka gaya mata yana nan.

Ba cewa nake ka kwaso yara ka dawo ba. Allah Ya kiyaye in ja ka zuwa abin da ka guje wa don kawai in samu mai riƙe mini hannu. In shagon alheri ne, Allah Ya tabbatar. Shi ma Isuhu, ka gaishe shi. Ka ce na gode da ya riƙe mini ɗan'uwa a baƙon wuri, na gode da dariyar da ya dawo maka da ita. Da ƙyar na rubuta wannan layin, amma gaskiya ne. Sai dai ka ja masa kunne, ya daina yi maka wasa da fuska. Bai san zuciyarka na bugawa har a yatsu ba. Ni na sani, don a wuyan hannuna nake ji.

Zancen gona kuwa, ba zan ba ka amsa a waya ba. Ba ni da amsar da za ta shiga saƙon murya.

Kai da bakinka ka ce fuskata kaɗai ka yarda da ita. To motoci na shigowa da rana, mutane na zuwa suna komawa. Ka zaɓi ranar da hanya ta yi kyau, ka zo kai kaɗai, ko wuni ɗaya ne. Mu zauna a zaure kusa da geronka. Ka ba Maraɗi baya, ka ba shago baya, ka kama hannuna, ka maimaita abin da ka faɗa a saƙon kana kallona. In ka iya kai maganar har ƙarshe, ni da kaina zan nemo mai saye, in kai shi har gindin aduwa in nuna masa iyaka. Ba zan ɓata fuska don in tsorata ka ba, ba zan yi murmushi don in sauƙaƙa maka ba. Abin da ke nan shi za ka gani.

Ban san abin da za ka karanta ba. Ni dai na yi maka alkawarin ba zan runtse ido ba.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya tsare Hadiza da yara, Ya sa albarka a kasuwarka. Allah Ya jiƙan Goggo da sauran magabatanmu. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya buɗe hanyoyinmu, Ya mayar da kowa gonarsa. Allah Ya sa dariyar nan da na gani ta ɗore a bakinka, ko da ba ni na jawo ta ba. In kuma da rabo, Ya nuna mini ita ido da ido, ba a wayar direba ba. Amin.

Wassalam.

Naka taubashi, tsohon golan Gatawa,
wanda hannunsa ke nan kan gwiwa,
Mu'azu