Tankin Murjanin Abba

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da 'yan'uwana baki ɗaya. Allah ya ƙara maka nisan kwana, ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan da ke hana ka hawa bene. Mu ma muna nan, alhamdulillahi. Umma lafiyarta ƙalau, sai gajiyar da ba a rasa ba. An mayar da Yaya wani reshen wurin aikinsu, yanzu ya fi kusa da gida. Jikarka kuma ta fara tafiya, ba abin da ya tsira daga hannunta sai wanda aka ɗora a saman firiji. Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali muna magana ta waya. Dalili shi ne duk sanda ka kira, Abba yana kusa, kuma kafin in buɗe baki ya karɓe wayar ya ce maka jiki da sauƙi. Ni kuwa ba zan iya ƙaryata yayanka a gabansa ba.

Ka san tun da aka fara masa wankin ƙoda ya bar shagon gilashi a hannun abokin aikinsa. Likita ya hana shi gishiri, ya kuma ƙayyade masa ruwan da zai sha, ɗan abin da bai kai ya jiƙa maƙogwaro ba. Mutumin da ka sani da surutu da tsokana ya koma mai zaman shiru, ya wuni a kujera yana kallon bango. To a ɗakin jira na asibitin da muke zuwa akwai wani babban tankin gilashi da aka zuba kifaye a ciki. Ranar da ya fara lura da shi, ba kifin ya kalla ba. Ya sa yatsa ya bi gefen gilashin, ya ce wanda ya haɗa shi bai iya shafa gam ba. Daga nan sai idonsa ya faɗa ciki, ya ga wasu abubuwa manne a jikin duwatsu kamar furanni, kore da shuɗi da ruwan hoda, suna kaɗawa a hankali. Ya tambayi wata nas, ta ce masa murjani ne, kuma yana da rai, ruwan ma na gishiri ne irin na teku. Da muka dawo ya ba Umma labari, ta ce ita murjanin da ta sani shi ne jan dutsen da ake ratayawa a wuya, ba ta taɓa jin wanda ke numfashi ba. Ya ce to za ta gani da idonta, domin shi ma zai yi nasa a falo.

Baffa, da ka ga yayanka ranar da na kai shi shago da ka ce ya warke. Ya zaɓi gilashi mai kauri, ya auna, ya ja layi da abin yanka, ya ɗan ƙwanƙwasa, gilashin ya rabu sumul kamar an yanka sabulu. Hannun da ke rawa in ya ɗauki cokali, ranar ko motsi bai yi ba. Ya haɗa tankin da kansa, ya bar gam ya bushe, muka cika shi da ruwan famfo don gwaji, ko ɗigo bai zubo ba. Muka kawar da kantar talabijin muka ba shi wurin. Ni da Yaya muka riƙa kallon juna muna murna, muna cewa Allah ya kawo abin da zai ɗebe masa kewa.

Sai dai gilashi ya sani, ruwa kuwa bai sani ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Muka je wurin mai sayar da kifin ado, wani mutum mai sanyin magana. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce wanda bai taɓa kiwon kifi ba gara ya fara da na ruwan daɗi, domin na gishiri ba ya yafe kuskure. Abba ya ce shi murjani ya zo nema, ba tarwaɗa ba. Haka muka dawo da kaya niƙi-niƙi: buhun gishiri na musamman wanda ba na miya ba, farin yashi, duwatsu masu ramuka, injin da ke juya ruwa, hita mai ɗumama ruwan, fitila mai shuɗin haske, ma'aunin gishiri, da wasu ƙananan kwalabe da ake ɗiga wa ruwa a ga launin da zai koma. Umma ta tsaya a ƙofar kicin ta riƙe haɓa, ta ce ikon Allah, mutumin da aka hana gishiri da ruwa shi ne ya tara buhun gishiri da tafki a tsakiyar falo. Abba ya yi dariya har da tari. Rabon da mu ji wannan dariyar har mun manta.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne jira. Mai kifi ya ce bayan an haɗa ruwan an jera duwatsu, sai a bar tankin makonni ba kifi ko ɗaya, har wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su zauna a cikin duwatsun, su ne za su riƙa cinye dattin kifin. Umma ta ce yau ga dafa dutse a zahiri, saura mu ga romon. Abba ya daure na ɗan lokaci, kullum yana ɗiga maganin gwaji yana ɗaga kwalba wajen taga, launin ya ƙi komawa yadda ake so. Wata rana ya ce min jira na wanda aka ba tabbacin lokaci ne, in tashi in kai shi ya sayo kifi. Na so in hana shi, amma da wane baki? Muka sako kifaye masu kyau, kafin mako ya zagayo duk sun taso saman ruwa ciki a sama. Shi ya kwashe su da kansa.

Karo na biyu ya yi haƙuri. Gansakuka ta rufe yashi da gilashi, da fari ruwan ƙasa, daga baya kore, har falon ya riƙa warin bakin kogi. Aka sako dodon koɗi suka share ta sannu a hankali. Da ruwan ya daidaita, ya kawo wasu kifaye biyu ruwan lemo masu ratsin fari, da 'yan guntayen murjani, kowanne bai wuce kan babban yatsa ba. Waɗannan makonnin su ne masu daɗin da muka samu. Da safe in an kunna fitila, sai murjanin ya buɗe a hankali kamar jariri yana miƙa yatsu, Abba ya jawo kujera ya zauna, ya kira Umma ta zo ta ga abin wuyanta yana hamma. Ya fara cin abincinsa marar gishiri ba gardama. Maƙwabta suna shigowa kallo, yana yi musu bayani kamar a teku aka haife shi. Ko a kan gadon wankin ƙoda, maganar tankin yake yi wa na kusa da shi.

Daga nan abubuwa suka fara kwancewa ɗaya bayan ɗaya. Zafi ya shigo, ruwan tankin ya riƙa raguwa, Abba yana cika shi da ruwan gishiri. Ashe ruwa ne kaɗai ke tashi, gishirin yana nan, don haka zallan ruwa ya kamata a ƙara. Kafin mu gane, gishiri ya yi yawa, murjanin ya tsuke ya daina buɗewa, kifayen suka fito da fararen ɗigo-ɗigo a jiki suna goga kansu a dutse. Garin gyara wani dutse ne kaifinsa ya karce shi a hannu. Ɗan ƙaramin ciwo ne, bai ma gaya mana ba, sai da hannun ya kumbura zazzaɓi ya rufe shi muka kwashe shi sai asibiti. Likita ya yi faɗa sosai, ya ce mai irin wannan ciwon jikinsa ba ya iya yaƙi da ƙwayar cuta, kada ya ƙara tsoma hannu a ruwan nan, kada kuma ya ƙara ɗaukar jarka.

A wannan kwanciyar ne likitan ya kira ni da Yaya ofishinsa, kuma wannan ita ce maganar da ba a gaya maka ba. Ka san mun yi gwaji don ɗayanmu ya ba shi ƙoda, kai ma ka ce a shirye kake. Likita ya ce maganar dashe ta wuce, zuciyar Abba ba za ta ɗauki aikin ba, wankin ma yanzu da ƙyar take jure shi. Ya ce za su ci gaba da iya ƙoƙarinsu, amma mu riƙa yi masa abin da yake so. Ba mu gaya wa Abba ba, sai dai jiki magayi ne, kuma yayanka ba yaro ba ne.

Muna can asibiti aka ɗauke wuta a unguwarmu, aka daɗe ba a kawo ba, janareta kuma ba mai tayar da shi. Babu kowa a gida. Da na dawo ɗaukar masa kaya, tun daga bakin ƙofa wari ya tare ni. Injin ya tsaya, ruwan ya yi fari kamar an zuba madara, kifayen sun mutu, murjanin ya koma fari fat kamar ƙashi. Guda ɗaya ne kawai, wani ɗan kore da ke can ƙasa, ya rage da sauran rai.

Da aka sallamo shi ya tsaya gaban tankin ya daɗe. Na zaci zai yi faɗa, wallahi da na fi son ya yi. Cewa kawai ya yi in canza ruwa. Daga ranar ni nake ɗaukar jarka, ni nake auna gishiri, shi yana zaune yana gaya min abin da zan yi da muryar da sai na matso nake ji. Ɗan koren nan yakan buɗe rabi ya sake rufewa. Ina ta ba shi baki cewa za mu sake farawa, yanzu ai mun koyi darasi, sai ya gyaɗa kai kamar yadda ake yi wa yaro.

Makon jiya ya sa na kira masa mai kifi. Da ya zo, Abba ya tambaye shi tsawon lokacin da ɗan murjanin zai ɗauka kafin ya kai tafin hannu. Mutumin ya ce shekaru ne, in an samu ruwa mai kyau. Abba ya ce to ya ɗauke shi ya tafi da shi, nan ba wurin zamansa ba ne. Mai kifi ya ce zai ajiye masa a gefe, in ya ji sauƙi ya dawo masa da abinsa. Abba ya yi murmushi, ya ce kada ya ware shi, ya sa shi cikin 'yan'uwansa kawai. Bayan ya tafi ya ce in kashe injin in zubar da ruwan. Ban san mun saba da ƙarar injin nan ba sai da ta tsaya. Umma, da ta fi kowa tsokanarsa a kan tankin, ta shige kicin ta rufe ƙofa, ina jin kukanta.

Washegari abokin aikinsa ya zo duba shi. Abba ya ce ya zo da reza ya farke haɗin, ya mayar da gilashin shago, mai kauri ne, zai yi wa wani taga, bai kamata a bar shi yana shan ƙura ba. Mutumin ya yi ta roƙonsa a bari zuwa gaba, Abba ya ƙi. Shi da kansa ya nuna masa kusurwar da zai fara sa reza, ya zauna yana kallo har aka jingine gilasan a bango aka fita da su.

Da falon ya koma fili, ya kira ni ya tambaye ni yaushe ka ce za ka zo. Na ce ka ce sai lokacin babban hutu, in yara sun tashi daga makaranta. Sai ya ce in gaya maka kada ka jira hutun. Baffa, kai ka fi ni sanin yayanka. Tunda nake ban taɓa jin ya roƙi wani ya zo wurinsa ba. Na isar da saƙo. In ka kira waya zai ce maka da sauƙi, kada ka biye masa.

Ka gaishe min da Inna da kyau, ka ce mata Umma tana godiya da addu'o'inta. Ina gaida Gwaggo idan kun haɗu, amma a bi ta a hankali da wannan labari saboda hawan jininta. Ina gaida Babban Yaya da iyalinsa, da 'Yan Biyu, da Auta. Umma da Yaya da maigidana duk suna gaishe ka. Ku sa mu a addu'a, Allah ya sa ka iske shi yana iya gane ka.

Wassalam.

Ni ce 'yarka,
wadda kake kira Uwar Gida.