Yaya Nomau, Kotu Ta Ɗaure Taubashinka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Nomau. Bayan gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan Allah ya sanyaya makwancinka, na zo maka da labarin da ba za ka so ji ba. Shari'a ta ƙare. Alƙali ya ɗaure Dokta Sa'idu, ɗan Gwaggo Mariya, kuma an hana shi duba marasa lafiya. An ce bai yi niyyar kashe ka ba, amma sakacinsa ne ya zama ajalinka.

A fili nake rubuta maka, don kowa a Dogon Dutsi ya gama ba da labarin mutuwarka yadda ya ga dama, ni kaɗai na rage. Kuma ka sani, har yau haushinka nake ji.

Ka tuna kokawar da ka yi a Gecheme bayan girbi, wadda ka kayar da abokin karawarka amma ka fito da gwiwa a kumbure? Sa'idu ya duba ka, ya ce ka huta shekara guda, ka je Yamai a yi maka aiki. Ka yi dariya ka ce, “Ɗan kokawa ba ya ɗingishi a gaban makaɗa.” Mutane suka ɗauki maganar suna yawo da ita kamar wata hikima. Ni da nake jiƙa maka tsumma a ruwan zafi, na san wauta ce.

Da ƙwaya aka fara. Da ƙwaya ta daina kama ka, aka koma allura. Sa'idu ya daina cewa ka zo ɗakin shan magani, shi ke ɗauko jakarsa a kan moto ya same ka a gida. In ya nuna zai ƙi, sai ka jawo wasan taubasai, ka ce bawanka ne, tun yaushe bawa ya fara musu da ubangidansa. Ya yi dariya, ya buɗe jaka.

Shi ma ba zan wanke shi ba. Daɗin zama kusa da kai ya kwashe shi. A filin kokawa ana ba shi kujera a gaba, makaɗa suna saka sunansa cikin waƙarka, ana nuna shi ana cewa ga likitan Nomau. Mutumin da ya yi shekaru yana karatu, sai ga shi kalangu ya ruɗa shi.

Ranar da abin ya faru ina gidanka. Bayan azahar ya yi maka allurar ciwo, ka ce ba ta isa ba, ka kwana biyu ba ka runtsa ba, ya ƙara maka ta barci. Ya san kana haɗiyar tramol ɗin 'yan talla a ɓoye, don ni da bakina na gaya masa. Duk da haka ya ƙara, ya rufe jakarsa, ya tafi suna a Ɗan Kassari, bai ce wa kowa a sa maka ido ba. Matarka Zali ta ji kana minshari, ta hana yara hayaniya, tana murna yau ka samu barci. Da la'asar ta je tashinka salla. Har yanzu in ta ji wani yana minshari sai ta fita daga ɗakin.

Sai ka ji abin da gari ya yi da kai. Masoyanka suka ce wani abokin hamayya ne ya je Lugu wurin 'yan bori aka turo maka aljana doguwa. Samarin kasuwa masu wa'azi suka ce sakamakon layu da gurayen da kake ɗaurawa ne. Inna ta ce kwananka ne ya ƙare, a bar wa Allah. Ni ma na yarda kwana ya ƙare, Yaya, amma da jandarma suka sa aka gwada jininka, ba doguwa aka samu a ciki ba.

Da aka kira ni shaida, Gwaggo Mariya ta zo har ɗakina. Tsohuwar da ta goye mu, ta durƙusa a gabana tana roƙona in ce ban ga komai ba. Ta ce an rasa ɗaya, kar a rasa biyu. Ka ga inda ka jefa ni? Kai ka yi taurin kan, shi ya yi allurar, ni aka bar wa zaɓi tsakanin ƙarya a gaban alƙali da raba zumunci. Na faɗi abin da na gani. Tun ranar Gwaggo ba ta sake taka gidanmu ba, Inna kuma gaisuwa kawai ke haɗa mu.

A kotu Sa'idu bai yi musu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Wa ya isa ya ce wa Nomau a'a?” Alƙali ya amsa masa cewa duk faɗin Arewa shi kaɗai aka ɗora wa aikin cewa a'a, kuma don shi aka ba shi takardar likita. Gaskiya alƙali ya faɗa. Amma ina zaune a wurin ina cewa a raina, ai akwai mutum na biyu da ya kamata a tsayar kusa da shi, ya tafi inda sammaci ba ya zuwa.

Me za ka rasa da ka huta? Da masu tafi sun samu wani sun tafa masa, kamar yadda suka samu yanzu. Da ka dawo gonarka kana ɗingishi, muna yi maka tsiya, kana raye.

Abin da ya fi ci mini rai, kai fa matsoracin allura ne. Lokacin da kunama ta harbe ni ina ƙarama, kai ka goya ni da gudu har wurin likita. Ka riƙe ni aka yi mini allura, ka kawar da kai, ka runtse ido kamar kai ake yi wa. A hanyar dawowa ka saya mini ƙosai ka ce kar in gaya wa kowa. Ban taɓa faɗa ba sai yau. Ka yafe mini, amma ina so mutane su san irin ciwon da ya kai ka ga miƙa hannu da kanka.

Wani abu kuma, gara ka ji daga bakina. Ƙafafun Gwaggo ba sa kai ta gidan kaso, abokan Sa'idu na filin kokawa kuma duk sun watse. Ni ke tuƙa tuwo in aika masa. Ba na cewa a faɗi daga inda ya fito, amma ya san miyata. Kwanon farko ya dawo a cike. Na jiya ya dawo a wanke.

Allah ya gafarta maka taurin kanka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah ya yafe wa Sa'idu, ya fito da shi mutumin da ya iya cewa a'a. Allah ya raya 'ya'yanka, ya huce zuciyar Inna da ta Gwaggo a kaina. Amin.

Ƙanwarka mai fushi da kai, mai kewarka,
Ramatu
Dogon Dutsi