Dogayen Ƙusoshin da Suka Tsayar da Mu a Tsakiyar Tafki

Daga gida, tafkin Inari
19 ga Afrilu

Zuwa ga ɗana Ilmo,

Gaisuwa mai yawa daga ni da mahaifiyarka. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na jirgi. Allah ya kwantar muku da teku, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan ƙalau muke, gwiwar mahaifiyarka ma ta yi sauƙi. Matarka Saila da 'yarka suna asibiti a birnin Rovaniemi, ana sa ran sallamarsu ranar Juma'a. 'Yarka, Ilmo! Na rubuta kalmar na tsaya ina kallonta. Na ɗauke ta a hannuna, ba ta kai nauyin babban kifi ba, amma ta damƙe yatsana ta ƙi saki.

An gaya maka a waya cewa an sauka lafiya. Gaskiya ne, sai dai ba a gaya maka inda aka sauka ba, don ni na roƙa a bar mini wannan. A waya bakina ba zai iya ba. Rubutun da na koya da furfurata a ajin yamma, yau ga ranarsa.

Ka tuna kwalin da ka bar mini a rumfa: ƙusoshi casa'in da shida da notinsu, da sanduna biyu na roba mai tauri. Ka ce idan rana ta fara narkar da dusar ƙanƙara, sanyi kuma ya sake daskarar da ita, daskararren tafkin zai zama kamar madubi, bel ɗin da babur ɗin ƙanƙara yake tafiya a kansa maimakon taya ba zai kama komai ba. Ka ce in sa ƙusoshin saboda ranar da za a fitar da Saila daga tsibirinmu zuwa asibiti. Sau biyu ka maimaita cewa a fara ɗaura sandunan a ƙarƙashin kujera, don su tsare lagireto daga tsinin ƙusoshin. Na ce na ji.

Da na buɗe kwalin sai na ga ƙusoshin gajeru ne, irin na babur ɗin Rauha, maƙwabciyarmu ta tsibirin gabas, waɗanda shekara biyu ke nan ina tsokanarta ina ce musu haƙoran jariri. Na ce a raina ba da waɗannan zan ja jikata ba. Na tafi garin Ivalo na musanya su da dogaye, sun ɗara naka da rabin gaɓar yatsa. Mai shagon ya tambaye ni ko na auna, na ce masa ina hawan ƙanƙara tun bai san hanyar makaranta ba.

Kwana biyu na yi a kansu. In huda bel, in turo ƙusa ta ciki, in sa faranti da noti ta waje, in ɗaure. Sandunan kuwa sai an sauke ƙasan babur ɗin gaba ɗaya kafin su shiga, bayana kuma ya ƙi, sai na rataye su a bango na ce sai bazara. Mahaifiyarka ta kawo mini kofi ta gan su, ta ce, “Tsoho, waɗancan fa, ado yaron ya sayo maka?” Na ce ta kula da tukunyarta. Da na gwada, babur ya kama ƙanƙara kamar kyanwa a jikin itace. Har gaban gidan Rauha na zagaya sau biyu don ta gani. Ta fito ta ce, “Taisto, wannan babur ne ko bushiya? Allah ya sa ba kanta za ta soka ba.” Na yi dariya na wuce.

Ranar Talata da safe, muna gama karin kumallo, naƙuda ta kama Saila, saura mako uku a lissafinsu. Muka kira, aka ce motar asibiti za ta jira mu a gaɓa, tafiyar minti arba'in. Na shimfiɗa fatun barewa a amalanken da babur yake ja a kan ƙanƙara, Saila ta kwanta, mahaifiyarka ta zauna ta riƙe ta. Hazo ya rufe tafkin, amma ban damu ba, ina ji da ƙusoshina. Mun yi rabin hanya sai ga wurin da ƙanƙara ta tsage ta hau kan juna. Ban rage gudu ba. Babur ya yi sama ya dira, sai na ji ƙara a ƙarƙashina kamar an ja zarto a kan kwanon rufi. Ba a jima ba jar fitila ta kama, wari ya tashi, inji ya mutu. Na waiga, sai ga koren layi a kan ƙanƙara, ya miƙe har cikin hazo. Ruwan sanyaya inji ne. Ƙusoshina sun yi sama sun yayyage lagireto, daidai inda sandunanka za su zauna.

Ilmo, ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Mutanen asibiti suka tambaye ni a waya inda muke. Ni da aka haifa a kan tafkin nan, na duba gabas fari, yamma fari, na kasa faɗa. Suka ce masu ceto za su taso, amma zai kai awa. Mahaifiyarka ta fizge wayar ta kira Rauha. Ina ji tana cewa, “Ki bi sawun bushiya daga ƙofarmu, in ya koma kore kin kusa.”

Ina durƙushe ina taɓa inji kamar zai tashi don kunya, sai Saila ta ce, “Baba, ku bar injin nan, ku juya baya ku tare mana iska. Wannan ba ta jiran kowa.” Na ɗaga fata da hannu biyu na ba su baya. Aka sake kiran asibiti, ungozomarsu tana magana ta waya, mahaifiyarka tana amsawa kamar aikinta ne tun fil'azal. Ban san minti nawa na tsaya ba, hannuwana dai sun mutu. Can na ji mahaifiyarka ta ce ta fito, mace ce. Sai shiru. Ba kuka, ba komai, sai muryar ungozoma tana cewa a goge ta, a goge bayanta da ƙarfi. A cikin shirun nan babu abin da nake gani sai sanduna biyu rataye a bango. Na ce, ya Allah, ni na yi, kada ka ɗora wa yarinyar nan.

Sai ta tsala kuka. Ƙaramar murya, amma na rantse ta cika tafkin. Na zube ƙasa da fatar a kaina, mahaifiyarka tana yi mini tsawa wai in tashi iska na shigowa. Aka cusa jaririya cikin rigar uwarta, aka lulluɓe su da duk abin da muke da shi, har da hulata.

Ba a yi minti goma ba muka ji inji. Rauha ce ta ɓullo daga hazo, tana bin koren layin a hankali. Ta leƙa ta ga jaririya, ta share ido da bayan safar hannu, ta kwance amalanken ta ɗaura a nata babur. Sannan ta dube ni ta ce, “Hau baya, Kaka, haƙoran jariri za su kai ka.” Ko sau ɗaya bel ɗinta bai zame ba har gaɓa. Likita ya ce uwa da 'ya lafiya, sanyi bai taɓa su ba.

To, ka ji abin da na yi. Ka ba ni amanar matarka da abin da ke cikinta, ka faɗa mini yadda zan yi, na ga na fi ka sani. Ka yafe mini, ɗana. Babur ɗinka na jawo shi gida, na ƙirga huji goma sha ɗaya a lagireto. Na kwance dogayen duka, na karɓo gajerun. Ba zan huda komai ba sai an ɗaura sandunan, kuma Rauha za ta zo ranar Asabar ta auna, ta ce za ta taho da ma'auni da kuma bakinta.

Sunan yarinya kuwa, Saila ta ɓoye shi sai ranar baftisma kamar yadda aka saba, kuma ba za a yi ba sai ka dawo. Da na je neman gafarar Saila, ban gama magana ba ta ce in ajiye mata ƙusa ɗaya daga cikin dogayen. Wai ranar da yarinya ta tambayi inda aka haife ta, ni za a miƙa wa ƙusar in yi bayani da bakina. Na sa ta a aljihun rigata, ina jin tsininta yanzu haka da nake rubutu.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, haka gwaggonka Helmi da kawunka Arvo. Ka gaishe mini da Urpo ɗan ƙanena in jirginku ya tsaya a garinsu. Ka dawo da wuri, akwai mai jiran ta damƙe yatsanka.

Mahaifinka,
Taisto